Zuwa Ga 'Ya'yana Masu Tallar Kayan Kaba a Waya



'Ya'yana mata da maza na Nguru da Gashuwa, da na ƙauyukan da ke tsakani, ina gaishe ku da aiki. Faifan da a da iyakarsa kasuwar gari, yau kun ɗora shi a WhatsApp da Facebook da Instagram, mutumin Abuja ya gani ya turo kuɗi, a kai wa direba a tasha. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, na kuma san gidajen da kuɗin faifai da mafici da tabarma ke rufa wa asiri. Allah ya yi muku albarka, ya ƙara buɗi.

To amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kwanakin baya 'yar wata ƙawata da ke aure a Kaduna ta tashi haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ta ga faya-fayai a waya, masu kyau kamar a sace a gudu, ta biya kuɗi lakadan. Da saƙo ya iso, sai ta aiko mini da guda ɗaya in gani. Na ɗaga shi sama, hasken rana na ratsowa ta tsakanin ɗinkin. Na goga jiƙaƙƙen tsumma, jan ya biyo tsumman. Daga baya aka gane hoton ma na aikin wata ne aka kwafo. Ba asarar kuɗinta ce ta hana ni barci ba, tambayar da ta yi mini ce: "Inna, ashe haka aikin Nguru yake?" Ba ta riƙe sunan wanda ya cuce ta ba. Sunan garinmu ta riƙe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ku daina ce mini ai haka kowa ke yi a intanet. Wannan abu sunansa algus, ko a faifai aka tallata shi ko a waya. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye, bisa siffantawa, an kuma hana ɓoye aibin haja. Hoton da kuka ɗora shi ne siffar. In kun ƙara masa launi, kun ɓoye gefen da ya karkace, ko kun ɗauko na wani, siffar ta zama ƙarya, kuɗin kuma sai ku tambayi kanku matsayinsu. Kun san hadisin tarin abincin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙarƙashi, busasshen na sama. Mai sayenku na Legas ba shi da hannun da zai cusa. Cinikin biri a sama yake yi, ba abin da ya dogara da shi sai amanarku.

Kuma cinikin nesa ba ku kuka fara shi ba. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, iyayenmu ke loda gyaɗa da fatu da ƙaro da busasshen kifi, su aika wa maigidan da sai a shekara ba su haɗa ido da shi ba. Babu hoto, babu alat. Kalmar baki ce jari. Wanda ya cusa ruɓaɓɓe a tsakiyar buhu sau ɗaya, ya gama ciniki a wannan layin.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a yi gaggawar kaba. A yanko ta, a shanya ta bushe sosai, a tsaga siri-siri, a yayyafa ruwa ta yi laushi kafin basilla ta taɓa ta. In za a rina, sai rinin ya dahu ya kama, a ɗauraye, a sake shanyawa. Na taɓa kwana uku a kan faifai guda, na kawo mata ina murna. Ta zuba garin gero a ciki ta girgiza, gari ya zubo ta ƙasa. Ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini, na zauna ina warwarewa ina hawaye. Faifan da ta ɗinka mini na aure da shi na yi bakacen hatsin sunan jikana na fari. Ina irin waɗannan hannayen yau? Wani lokaci in na ga abin da ake kira faifai a waya, sai in ji kamar an tone kabarinta an watsar da aikinta.

Laifi na biyu shi ne ya haifi na farko. Da yawanku ba ku ke saƙar ba. Kuna shiga lungu ku sayi aikin tsofaffi a wulaƙance, ku ninka kuɗin sau uku ko huɗu, ku rubuta "aikin hannuna". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Dillanci sana'a ce, data da kuɗin mota ma ba kyauta ba ne, ban hana ku riba ba. Amma tsohuwar da aka biya ladan yini ɗaya a kan aikin kwana huɗu, dole ta sassauta ɗinki ta rage kaba. Jikarta na kallo, ta yaya za ta so ta gaji sana'ar? Tabarmar leda ta riga ta cika kasuwa, ba za mu taɓa kamo ta a araha ba. Abin da ya rage mana inganci ne da suna, ku kuwa su kuke sayarwa da rahusa. Wannan ba wayo ba ne, yanke reshen da kuke zaune a kai ne.

Ku dubi Ladi Kwali da ke bayan naira 20. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Ta karɓi sabbin kayan aiki, ba ta yar da zanen da ta gada a gida ba, har aka nuna tukwanenta a Landan da sunanta. Sabon abu bai rage mata gaskiyar hannu ba. Wayarku ma kada ta rage muku.

Roƙona kaɗan ne. Ku ɗauki hoton kayan da za ku aika da kansa, da rana tsaka, gaba da baya, da tef a kai a ga faɗinsa. Ku goga jiƙaƙƙen tsumma a bidiyo. In samfur ne, ku ce samfur ne. In oda za ta ci mako biyu, kada ku karɓi kafin alƙalami a kan kwana biyar. Ku faɗi garin da aka saƙa, ku biya mai saƙa abin da in ta ji farashinku ba za ta yi Allah ya isa ba. In kaya ya saɓa wa hoto, ku mayar da kuɗi.

In harshena ya yi kaushi ku yafe mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idona ya fara rauni, amma yatsuna ba su manta ba. Duk wadda ke son ta koyi ɗinkin da gari ba ya ratsawa, ta zo da kabarta da basillarta bayan la'asar, tabarmata a shimfiɗe take.

Allah ya sa albarka a nemanku, ya tsare mu da cin haram.

Wassalam,
Daga uwarku, tsohuwar mai ɗinkin faifai a Nguru.