Tumatur, Hanyar Gona da Gadar Sama

Duk ɗalibin da ya kai babban aji a sakandare ya san cewa tsiro yana numfashi. Abin da ba a cika jaddada masa ba shi ne, ɗan tumatur ba ya mutuwa ranar da aka tsinke shi. Yana ci gaba da shaƙar iskar oksijin, yana ƙona sukarin jikinsa, yana fitar da ruwa da zafi da wata iska da ake kira etilin, wadda ke gaggauta nunarsa da ta 'yan'uwansa a cikin kwando. Sai dai an raba shi da uwarsa, babu mai mayar masa da abin da ya ƙona. Haka kuma duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin numfashin yakan ninka kamar sau biyu. Lalle wannan ɗan darasi ya cancanci zama a kan teburin gwamna da na kwamishinan ayyuka.

A dubi Jihar Kano. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga kasuwar Kwanar Gafan manyan motoci kan ɗauki tumatur zuwa Legas, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, wani lokaci cikin zafin watan Maris da kan doshi digiri 40. Ana jibga kwando bisa kwando, na ƙasa ya farfashe, ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga, zafin numfashi kuma ya taru a tsakiyar kaya. Masu bincike sun sha ƙiyasta cewa fiye da sulusin tumatur ɗin da ake nomawa a Nijeriya yakan lalace kafin ya shiga tukunya. Ruwan Tiga da takin da gumin manomi duk suna cikin abin da ake zubarwa a juji.

To, ina gwamnatocin jiha suka fi zuba kuɗin sufuri? Amsar tana tsaye a Ƙofar Nasarawa da shataletalen Dangi, wato gadojin sama da na ƙasa. Ba a musun cewa cunkoson birni matsala ce, kuma mai tafiya asibiti cikin gaggawa ya san amfanin gada. Amma gada tana rage wa mai mota mintoci ne, alhali hanyar da ta taso daga gona zuwa bakin kwalta, idan ta lalace, sa'o'i take ci, kuma kowane rami sai ya bar tabo a jikin tumatur. Abin da ya sa gada ta fi samun gata a fili yake: ana ganin ta, ana kuma yanke mata ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Batun jawo masu zuba jari ma a nan ya rataya. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatur a Kadawa, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. Ba a daɗe ba ta tsaya saboda rashin kayan niƙa, domin a shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur. Mai jari zai iya kafa injin, amma sa ido kan ƙwari da ɗaukar malaman gona da gyaran hanyoyin karkara aikin hukuma ne.

Wasu kan ce jirgin ƙasa ne magani, su kawo misalin layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya haifar da cinikin gyaɗa. Gaskiya ne, sai dai gyaɗa busasshen iri ce, numfashinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa a da takan yi watanni a dala tana jiran jirgi. Tumatur kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, ba ya jira. Jirgin da ba shi da taragon sanyi ba zai cece shi ba.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon gina layin dogo da na samar da lantarki da rarraba shi. Layin dogo ya fi ƙarfin aljihun yawancin jihohi, amma lantarki mai aiki da hasken rana a kasuwa irin ta Kwanar Gafan bai fi ƙarfinsu ba. Ɗakin sanyi na tumatur ba ya buƙatar ƙanƙara, digiri 12 zuwa 13 ya wadatar, sanyin da ya wuce kima ma ɓata shi yake yi. Sai kuma akwatunan roba masu huji, waɗanda ke ɗaukar nauyin na sama a kan kusurwoyinsu, iska kuma ta ratsa. Dillalai kan guje su saboda tsada da kuɗin dawo da su babu kaya daga kudu, kuma a nan ne gwamnatin jiha za ta iya shiga da rance da wuraren bayar da hayar su.