Kalmar Mako: Purblind

Kalmarmu ta wannan mako ita ce purblind. Ba kasafai ake jin ta a hira ba, amma mukan ci karo da ita a littattafan adabin Turanci. Tana nufin mutumin da ganinsa ya yi rauni, yana gani dishi-dishi, amma bai kai ga makancewa ba.

Abin mamaki, da can ba haka take nufi ba. Kalmomi biyu aka haɗa: blind, wato makaho, da pur, wadda ta fito daga Faransanci, harshen da ya yi ƙarfi a Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Pur na nufin tsantsa, kuma ita ce ta zama pure da muka sani. Ke nan lokacin da kalmar ta bayyana a rubuce, wajejen shekarar 1300, ma'anarta makaho ɗungurungum.

A hankali sai ma'anar ta sassauta, ta koma mai gani kaɗan-kaɗan. Har wasu marubutan suka riƙa rubuta ta poreblind, suna zaton daga pore ta fito, wato ƙura wa abu ido a kusa. Shakespeare ma ya yi amfani da ita a wasansa Romeo and Juliet.

Akwai ma'ana ta biyu: wanda basirarsa ta toshe, ba ya saurin fahimta. A nan ne muke so mu ja hankalinmu. Turanci ya haɗa raunin gani da raunin fahimta a kalma guda, amma a aji ba abu ɗaya ba ne. Sau da yawa ɗalibin da ake yi wa kallon daƙiƙi allo ne kawai ba ya gani sosai. Yakan kanne ido, ya kwafi rubutu ba daidai ba, ko ya yi ta fama da ciwon kai.

Idan haka na faruwa da ɗayanmu, kada mu ji kunya. Mu gaya wa malami ya dawo da mu gaba, mu kuma sanar da iyayenmu a kai mu gwajin ido. Sau tari tabarau kaɗai ke warware matsalar.

Aikin gida: kowa ya gina jimla biyu da purblind, ɗaya kan kowace ma'ana. Sai mako mai zuwa.