Injiniyoyin Injina: Ga Digiri, Ina Masana'anta?

Wannan jarida na ganin zaman kashe wando da matasan da suka karanta injiniyancin injina ke yi ba don ƙasa ba ta bukatarsu ba ne. Kowace shekara Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero na yaye su, amma wuraren da za su karɓe su sun durƙushe. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, da aka soma ginawa tun 1979, har yau bai tsaya da ƙafarsa ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe, haka masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai a Kano, galibi saboda rashin wuta. Abin takaici, ga aiki jibge: injin casar shinkafa kan tsaya makonni ana jiran kayan gyara daga waje, tarakta na tsatsa a gindin bishiya saboda ɗan ƙarfen da maƙerin kasuwar Panteka zai ƙera da ya samu injiniyan da zai zana masa.

Jami'o'i ma da nasu laifin, domin ɗalibi kan gama karatu bai taɓa riƙe injin walda ba. Ya kamata watanni shida na koyon aikin SIWES su kasance a masana'anta ta gaske, ba a ofis ba. Ya kamata kuma gwamnatin tarayya ta aiwatar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018, wanda ya fifita injiniyoyin gida a kwangiloli, ta kuma kammala bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano domin masana'antun Arewa su farfaɗo.