Araha Ba Ta Ado

Akwai masu cewa duk sa'ad da kamfanoni suka shiga kokawar karya farashin kwamfuta, mai saye ne ya tsinci dami a kala. Ni ban yarda ba, ga kuma dalilina.

A 1981 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da kwamfutar gida, TI-99/4A, a kan dala 525. Sai Commodore, wanda injinansa suka fi sauƙin kuɗin ƙerawa, ya ja daga da shi. Kowa ya yi ta zabtare farashi, har a 1983 ta Texas ta koma dala 99. Cikin wata uku kacal kamfanin ya tafka asarar sama da dala miliyan 100, a Oktoban shekarar kuma ya tattara ya bar kasuwar.

To, ina ribar wanda ya saya? An bar shi da marainiyar na'ura, wadda mai ita ya daina ƙerawa. Shi ma Commodore da ya yi nasara ya karye a 1994. IBM kansa ya sayar wa Lenovo sashensa na ƙananan kwamfutoci a 2005, alhali Intel da Microsoft, masu sayar wa kowa kayan ciki, suna ta kwasar riba.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin na'ura, tambayi ko mai ita zai kai baɗi. Allah ya sa mu gane.