Allon ATM da Ba Ya Jin Yatsa: Gyara Na Wuyan Bankuna

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fara tsarin taƙaita tsabar kuɗi a Legas a 2012, hada-hadar ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci suka ƙara rataya a kan na'urori. Amma a ATM mai allon taɓawa, mutum kan danna wani adadi, na'urar ta zaɓi na kusa da shi.

Dalilan sanannu ne: kaurin gilashi kan karkatar da gani, saitin tsohon allo kan goce, bushewar fata a hunturu kuma kan raunana lantarkin da allon ke ji daga yatsa.

Maganin kuwa shi ne manyan maɓallai masu tazara, sabunta saiti akai-akai, da neman tabbaci kafin a cire kuɗi. Wannan aikin bankuna ne, ba na mai asusu ba.