IKKO TA ATTAJIRAI CE, TALAKA SAI ƘARƘASHIN GADA

Da an gama girbi, samarin Tambuwal da Kebbe sai su cika motoci zuwa Ikko ci-rani: wannan acaɓa, wancan dako, wani gadi. Da me aka saka musu? Ranar 1 ga Yuni, 2022, Gwamna Sanwo-Olu ya haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, aka kwashe babura aka murƙushe. Jarin talaka ya koma kayan bola!

Gwamnatin jihar da ta rushe unguwar masunta ta Otodo Gbame a 2017, ita ta yarda a cike teku da yashi a gina wa attajirai Eko Atlantic. Haka jari-hujja yake har a gidan ubangidansa Amurka: a San Faransisko kuɗin kamfanonin kwamfuta sun tsadar da haya, raunana suna kwana a tantuna bakin titi.

To, wa ya kori samarin daga fadamunsu? Ɗan Tambuwal ya yi Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, amma motar ci-rani ba ta daina cika ba. Azzaluman gida da na bakin teku duk kanwar ja ce, kuma akwai ranar hisabi!