Sa Hannu a Kundin da Ba a Karanta Ba

Abin da ya ɓata mini rai a wannan mako shi ne labarin wani ɗalibin digirin digirgir a wata jami'a, wanda ya miƙa babi na huɗu na kundinsa ga shehun malamin da ke duba aikinsa tun kafin azumi, ga shi damina ta yi nisa, amma da ya je bin sawu sai ya iske kundin a kan kabad ƙarƙashin tulin takardun jarrabawa, ƙura ta rufe bangonsa, ko alƙalami bai taɓa shafin farko ba. Sauran malamai biyu na kwamitin duba kundin kuwa, ɗaya yana hutun shekara a wata jami'a, ɗayan ya ce masa: "Malam, in Farfesa ya sa hannu, kawo ni ma in sa."

Sharuɗɗan samun digirin su kansu ba ni da ja a kansu. Wajibi ne ɗalibi ya kare ƙudurin bincikensa a gaban sashe, ya yi bitar ayyukan magabata, ya bayyana hanyar da ya bi wajen tattara hujjoji, ya zo da wani abu sabo wanda ilimi bai riga ya mallaka ba, sa'an nan ya zauna gaban mai jarrabawa na waje ya amsa tambayoyi baki da baki. Wannan tsari ya bunƙasa ne a Jamus bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810, ya ƙetara Amurka inda Jami'ar Yale ta fara ba da irin wannan digiri a 1861, kuma a can galibi akan haɗa kwamiti na malamai uku zuwa biyar, da ɗaya daga wajen sashe, ɗalibin kuma yana da ta cewa wajen zaɓensu. Hikimar a bayyane take, wato kada makomar ɗalibi ta rataya ga son ran mutum guda.

Mu kuwa da muka gaji zaure, bai kamata wani ya koya mana nauyin wannan amana ba. Ɗalibi yakan durƙusa ya biya littafi gaban malaminsa sadara bayan sadara, malamin yana gyara masa wasali yana warware masa mushkila, domin ya san ranar da ya ba shi ijaza sunansa ya shiga silsila, duk kuskuren da ɗalibin zai yaɗa kuma da kamashonsa a ciki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya wallafa yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, kuma har gobe ba a ambaton karatun Shehu Usmanu ba tare da an ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru ba. Sa hannun ɗan kwamiti shahada ce cewa ya karanta ya gamsu. Wanda ya sa hannu alhali bai buɗe kundin ba, shaidar zur ya yi, ko da alkyabbarsa ta kai ƙasa.

Kada ma a tuna mini da tsohon takaicina, wato kulolin shinkafa da kaji da 'yar ambulan da ake ɗora wa ɗalibi ranar kare kundi, sai ka ce walimar aure, domin wanda ya ci kazar mutum da wane baki zai ce masa babi na uku ya rushe? Na san za a ce malamai sun yi kaɗan, albashi bai isa ba, yajin aiki ya cinye lokaci, kuma gaskiya ne.

Amma uzuri ba ya halatta ha'inci. Ya kamata majalisar kowace jami'a ta yanke wa'adin da babi zai yi a hannun malami, ta wajabta wa kowane ɗan kwamiti rahoto a rubuce, ta kuma ba ɗalibi damar neman canjin mai duba aikinsa ba tare da an yi masa bi-ta-da-ƙulli ba. Malamin da ya ga ba zai iya ba, ya sauke nauyin tun da wuri, kafin ya cinye shekarun ɗan wani.